Ƙafar Daman Madugu

Takalmi ne ya fara tona asirin Madugu.

Wata Talata da hantsi ina kwance a ƙarƙashin mota a garejin kamfani, baƙin mai yana ɗiga mini a gwiwar hannu, sai na hangi ƙafafunsa suna ratsa fili. Bakanike ya fi gane mutane ta ƙafa, tunda rabin rayuwarsa a kwance yake yin ta. Ƙafar hagu tana cikin takalmi. Ta dama kuwa babu komai, takalminta yana can baya kusa da famfo inda ya zame. Filin garejinmu tsakuwa ce zalla, gauraye da guntayen waya da ƙusoshin da muka yi shekaru muna cewa gobe za mu share, ga rana ta gasa ta. Taku goma sha ɗaya na ƙirga masa kafin ya tsaya. Ya dubi ƙasa, ya waiga dama da hagu, ya koma da sauri ya zura takalmin. Bai san da ni a ƙarƙashin motar ba. Na daɗe a kwance da sifana a hannu, na manta abin da ya shigo da ni wurin.

Madugu mijin yayata ne. Shi ya ɗauko ni daga gida ina saurayi mai taurin kai, ya kawo ni garejin nan ya danƙa ni a hannun tsohon bakaniken da na gada, don haka duk abin da na iya, bayan Allah, shi ne sila. Wannan bai hana mu tsokanar juna ba. Yana kirana Ɗan Baƙin Mai, ni kuma ina tuna masa cewa alfarma muka yi masa da muka ba shi Yaya, kuma har gobe muna iya karɓe abarmu.

Kamfaninmu rijiyoyin burtsatse yake haƙawa, kuma inda ake neman ruwa ba kasafai kwalta ke kaiwa ba. Idan za a fita aiki a jere ake tafiya, ƙaramar mota mai ƙafa huɗu a gaba, sauran a bayanta, babbar motar haƙa a ƙarshe. Dokar ita ce kowa ya ɗora tayarsa a kan sawun ta gaba. In na gaba ya yi kuskure, motar haƙa ce za ta nutse a laka, a kwana uku ana tono ana zagin juna. Shekara talatin da ɗaya Madugu yana gaba. Daga nan sunan ya samo asali, har da yawa cikin sababbin ma'aikata ba su san sunansa na yanka ba. Yakan dubi launin ƙasa ya ce ƙarƙashinta ruwa ne, ya kauce. Yakan ga yadda ciyawa ta kwanta ya san akwai rami. Ba ya kunna rediyo, wai ƙarar taya yake saurare. Ba ya yarda kowa ya wanke masa mota, kuma akwai wani tsohon tawul da yake rataye a wuya wanda Yaya ta yi yunƙurin ƙonawa sau uku.

Amma abin da aka fi ba da labari shi ne ƙafarsa. An ce wani tsohon manaja ya taɓa ɗora kofin shayi a cike a gaban mota don ya gwada shi, aka yi tafiyar awa guda a hanyar burji, aka sauka shayin ya huce bai zuba ba. Ni ban ga wannan da idona ba, kuma na lura kofin yana ƙara cika duk lokacin da aka maimaita labarin. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne, a duk shekarun nan ban taɓa gyara masa lotsawa ko ƙarzuwa ɗaya a jikin mota ba.

Bara waccan kamfani ya sayo sababbin motoci uku. Babu kuloci, giya da kanta take shiga, abin takawa biyu ne kawai, totur da birki. Wani mutum mai farar riga ya zo daga wurin dillalai ya tara direbobi yana bayani. A bayan tambarin gaban motar akwai wata 'yar na'ura da muke ce wa ido, akwai kuma kyamara a saman gilashi. In ka kauce daga layinka, sitiyari zai ja ka ya mayar. In wani abu ya gitta, motar za ta yi tsuwa ta taka wa kanta birki. Sai babban abin. Ka danna maɓalli a sitiyari ka zaɓi gudun da kake so, ka ɗauke ƙafarka gaba ɗaya. Idon zai kama motar da ke gabanka ya bi ta. Ta rage, taka ta rage. Ta tsaya, taka ta tsaya. In gaba ya zama fili, sai ta koma gudun da ka zaɓa mata. Direbobi suka raɗa wa wannan suna bi-sawu. Mai farar riga ya ja kunne cewa na miƙaƙƙiyar hanya ne, ba a kunna shi a gangare ko inda kwana ta yi yawa, amma a lokacin rabin direbobin suna can suna shafa kujeru.

Madugu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To in ta kafe a laka, ita za ta fito ta tura kanta?"

Bai ɓoye ƙiyayyarsa ba. A satin farko doguwar ciyawa ta gitta gabansa a wani kwari mai yashi, motar ta ɗauka mutum ne ta kafa birki, a wurin da ko ɗan koyo ya san ba a ɗaga ƙafa. Tayoyi suka nutse. Ranar farko ke nan da aka jawo Madugu da igiya, ya dawo gareji yana huci. Daga nan ya sa wa motar suna Sarkin Iyayi, kuma kullum da safe sai ya tsaya a kaina na kashe masa duk abin da za a iya kashewa a cikinta.

Shi ya sa kwana huɗu bayan maganar takalmi, da ya shigo gareji ya jingina da ƙofa ya ce, kamar mai tambayar ƙarfe nawa, "Ɗan Baƙin Mai, wai bi-sawun nan yaya ma ake kunna shi?" sai na san akwai wata a ƙasa. Na nuna masa. Ya sa na maimaita sau uku. Ranar Litinin a taron safe, a gaban Manaja da kowa, ya ce lokaci ya yi da za a bar na baya su koyi buɗe hanya, Guguwa ya shige gaba, shi zai bi shi yana lura. Guguwa direba ne ɗan shekara arba'in, hannunsa da kyau, sai dai ba a banza aka sa masa sunan ba. Aka yi ta yaba wa Madugu, Manaja har da cewa haka ake son dattijo. Ni kaɗai na tsaya a baya ina goge hannun da babu komai a kansa. Ruwa ba ya tsami banza. Bi-sawu ba ya taka maka birki sai da mota a gabanka, kuma mutumin da ya shekara talatin da ɗaya bai shaƙi ƙurar kowa ba ya nemi zama na biyu ne don ƙafarsa ta daina jin abin da take takawa.

Na bari sai da aka watse. Yana zaune a bencin gareji yana shan shayi, na durƙusa kusa da shi kamar mai neman noti, na ɗora bakin filaya a kan babban yatsansa na dama ta saman takalmi, na matse. Matsar da za ta sa ƙato ihu. Ya ci gaba da hura shayinsa.

"Babban Yaya," na ce, "dubi ƙasa."

Ya duba. Ya ga filayar, ya ga hannuna. Ya ajiye kofin a hankali.

"Tun yaushe?" na ce.

"Sakar mini ƙafa."

"Ai ba ka san na riƙe ta ba."

Da a wata rana ce da na sha mari. Amma sai ya ce wata biyar ke nan. Ya je wurin likita a ɓoye, aka ce masa wata jijiya ce ta danne a gadon bayansa, abin da kujera da ramukan shekara talatin suka bar masa. Ƙafar tana motsi, tana da ƙarfi, ji ne babu daga idon sawu zuwa ƙasa. A cikin gari yana satar kallon ƙafar kafin ya taka. A daji kuwa ido ba ya barin hanya.

"Mutane fa kake ɗauka," na ce, "ba buhunan siminti ba."

"Na san abin da nake ɗauka tun kana zubar da majina. Rijiya uku suka rage a aikin nan. In an gama, ni da kaina zan kai wa Manaja makulli. Amma ba zan sauka a tsakiyar aiki a ce Madugu ya gaza ba." Ya dube ni. "Ko kai za ka je ka faɗa?"

Da yamma na je wurin Yaya, a zatona labari zan kai mata. Na same ta a tsakar gida tana ninke wanki. Ban kai ƙarshe ba ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wa kake tsammani yake yi wa igiyar takalminsa ƙulli biyu tun ranar da ya zame?" Ashe ya taɓa taka garwashi a bakin murhu, ita ta ji ƙauri kafin ya san an yi. Ta roƙe shi, ta yi fushi, ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba, duk a banza. "Auta," ta ce, "mutumin nan in ka cire shi daga bayan sitiyari ban san abin da zai rage ba. Ka bar shi ya ajiye da kansa. Rijiya uku ce kawai."

Gaba kura baya siyaki. In na yi magana na tozarta mutumin da ya mai da ni mutum. In na yi shiru, duk wanda ya shiga motar nan ya shiga ne a kan shirun da na yi. Sai na zaɓi abin da matsorata ke zaɓa, na tsaya a tsakiya. Na gaya wa Manaja ina jin wata ƙara a injin motar Madugu wadda ba ta fitowa sai a kan hanya, don haka zan riƙa bin su. Na zama ɗan gaban mota da furfura a gemu. A allon da ke gaban direba akwai ɗan hoton mota da ke fitowa idan ido ya kama ta gaba. Sati biyar ban ga daji ba ban ga ƙauye ba, wannan ɗan hoton kawai nake kallo, har in na rufe ido ina ganinsa.

Kuma tsakani da Allah bi-sawu ya yi aikinsa. Guguwa ya rage, mu rage. Hannun Madugu yana nan yadda na san shi, yana zagaye rami ba tare da na baya sun farka ba. Sau ɗaya wata saniya ta faɗo tsakaninmu da Guguwa, kafin in buɗe baki motar ta yi tsuwa ta tsaya da kanta. Madugu bai dube ni ba, ya shafa sitiyari ya ce, "Ashe iyayin ma yana da rana." Na yi dariya don ya ga na yi. Aka gama rijiya ta farko, aka gama ta biyu. Har na fara gaya wa kaina cewa wataƙila mu tsallake.

Rijiya ta uku tana bayan wani tsauni. Hanyar burji ce, ta miƙe a saman tudu wajen kilomita ashirin, sannan ta gangara tana kwana, dutse a dama, kwazazzabo a hagu. Sau biyu mun sauka gangaren nan a bayan Guguwa, bi-sawu yana riƙe da mu, kuma duk sau biyun na ga kamar mun cika matse masa. A sitiyari akwai maɓallin tazara, daga layi ɗaya zuwa layi huɗu. Madugu yana barinsa a layi biyu. Wata Alhamis da za mu sake bin hanyar, da safe kafin ya iso, na mayar da shi layi huɗu, mafi nisa. Lissafina na bakanike ne, tazara mai yawa, damar tsayawa mai yawa. Ban gaya masa ba, don na san zai ce ina koya masa tuƙi.

An kwana biyu ana ruwa, sai ranar rana ta fito. Motoci biyu ne kawai, tunda motar haƙa tana can wurin aiki. Guguwa yana gaba da Injiniya, matar da ke auna mana inda za a haƙa, mai 'ya'ya uku da kullum hotonsu ke fuskar wayarta. A motarmu masu haƙa biyu ne a baya, sun haɗa kai suna barci. Da muka hau tudu Madugu ya sa gudu a saba'in ya ɗauke ƙafa. Bai yi minti biyar ba ya lura.

"Yau Sarkin Iyayi tsoron Guguwa take ji? Dubi inda ta bar shi."

"Laka yake watso mana," na ce. "Gara haka."

Ya yi ƙwafa, amma bai taɓa maɓallin ba.

Muka zo bakin gangare. Guguwa ya rage zuwa talatin, muka rage. Kwana ta farko mai faɗi ce, hoton ya tsaya daram. A ta biyu ya ɗan ƙifta ya dawo. Na buɗe baki in ce ya kashe abin nan, sai na tuna in ya kashe da me zai riƙe motar, na rufe. Ta uku ita ce matsattsiya, inda dutse ya turo hanci cikin hanya. A layi biyu, da muna manne da Guguwa mun sha ta tare. A layi huɗu, motarsa ta shige bayan dutsen mu muna da sauran tafiya.

Hoton ya ɓace.

Motar ta duba gabanta ta ga fili, ta tuna an ce mata saba'in. Na ji inji ya ɗaga murya, kujera ta turo ni ta baya. Talatin da biyar. Arba'in da biyu. Ga gangare yana taya ta.

"Birki," na ce.

"Na taka."

Arba'in da takwas. Na ga cinyarsa ta ɗaure, ya miƙe a kujera yana dannawa da iyakar ƙarfinsa.

"Ba ya ci," ya ce. Muryarsa ba ta tashi ba. "Ɗan Baƙin Mai, birkinka ba ya ci."

Na sunkuya na leƙa. Ƙafarsa ta dama ta faɗa tsakanin totur da birki, tabarmar roba yake dannawa. Da ya taɓa birkin ko da gefen takalmi ne, da bi-sawu ya saki motar nan take. Akwai ma maɓallin kashewa a ƙarƙashin babban yatsan hannunsa. Amma mutumin da ya tabbata ya taka birki ba ya neman maɓalli, kuma shekara talatin da ɗaya ƙafar nan ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

"Hagu, Babban Yaya. Ƙafar hagu."

Bai tambaye ni dalili ba. Ƙafar hagun tsohon direba kuloci ta sani, shi kuwa kuloci har ƙasa ake kai shi. Ya kai birkin har ƙasa. Bel ya shaƙe ni, masu haƙa suka bugi bayan kujerunmu suka farka da salati, motar ta hau karkarwa a kan jiƙaƙƙen burji, muka sha kwanar muna zamewa.

Motar Guguwa tana tsaye a tsakiyar hanya, ba ta fi taku talatin ba. Ruwa ya cinye rabin kwalbatin da ke gabansa. Injiniya ta fito ta buɗe bayan mota, ta sunkuya tana neman takalmin roba, ta ba mu baya. A lokacin ido ya kama su, motar ta fasa tsuwa, amma tayoyi sun riga sun daina riƙe ƙasa. Hagu kwazazzabo, gaba Injiniya.

Sai na ga hannun Madugu ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya karkata sitiyari dama, da gangan, a hankali, ya jingina motar da dutsen. Madubin gefena ya tashi. Ƙofata ta ɗauki ƙara tun daga gaba har baya, ƙarar da har yau in ana yankan ƙarfe a gareji nake fita waje. Bai saki ba, ya ci gaba da goga ta, tayar dama ta faɗa lambatu, muka ja laka da duwatsu, muka tsaya. Injiniya ta juyo da takalmi ɗaya a hannu. Da ta miƙa ɗaya hannun da ta taɓa fitilarmu.

Na ɗan lokaci ba a jin komai sai tsuwar motar. Madugu ya kashe ta. Muka fita ta ƙofarsa don tawa ta manne. Injiniya ta zauna a kan laka inda take tsaye, ba ta ko dubi kayan jikinta ba. Guguwa ya zagaya motar riƙe da kai, sannan ya fara abin da kowa zai fara.

"Ina ji kuka taso da gudu. Wallahi motocin nan aljanu ne da su. Dama Madugu ya sha faɗa."

Ɗaya daga cikin masu haƙa ya ce a'a, shi cikin barci ya ji Madugu yana cewa birki ba ya ci. Sai duk suka juyo kaina. Injiniya ta ɗago ta dube ni. "Bakanike, ba kai ka duba motar nan da safe ba? Ba saboda ita kake bin mu sati biyar ba?"

Hanya biyu ce a buɗe, a ɗora wa mota ko a ɗora mini. Kowacce aka bi Madugu zai fita da sunansa, har a ƙara masa da cewa shi ya ceci rai, kuma gaskiya ne ya ceta. Ni kuwa na san hannuna yana ciki dumu-dumu, ni na yi shiru, ni na ƙara tazarar. Tsoro nake ji, amma kunya ta fi tsoron yawa. Na yanke a raina in ce birkin ne, ni na yi sakaci. Na buɗe baki.

"Rufe mana baki, Ɗan Baƙin Mai."

Madugu ya zauna a kan dutse. Ya kama igiyar takalminsa na dama, ƙulli biyun nan na Yaya, ya daɗe yana fama da su kafin su kwance. Ya cire safa. Ya miƙa hannu ya karyo wata doguwar ƙaya a gefen hanya, ya ɗaga tafin ƙafar yadda kowa zai gani, ya soka ta. Ya tura har rabi. Jini ya fito ya gangara diddige. Fuskarsa ba ta motsa ba, kuma duk mun gane ba jarumta ba ce.

"Birki lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Motar ma abin da aka sa ta ta yi. Wata shida ke nan ban san inda ƙafar nan take ba. Na ɓoye, na riƙa ɗaukar ku a haka." Ya dubi Injiniya. "'Yata, ki yafe mini. Na kusa mayar da yaranki marayu don kada a ce na gaza."

Ba ta ce ta yafe ba, ba a ranar ba. Ta dube shi, ta dube ni, kuma kallon da ta yi mini ya fi nasa tsawo. Sai na faɗi nawa. Na ce na sani tun farko, ƙarar inji ƙarya ce, kuma ni na ƙara tazarar da ta sa ido ya rasa Guguwa. Madugu ya juyo.

"Layi huɗu?"

"Layi huɗu."

Ya girgiza kai. "A kwana ba a barin na gaba ya ɓace maka. Wannan ko jaki ya sani." Ya zare ƙayar ya yar, ya ciro makulli daga aljihu ya miƙo mini. "In an jawo ta, kai mu gida."

Guguwa ya jawo mu da igiya, muka juya tunda kwalbatin ba ya tsallakuwa. Ni na tuƙa. Madugu ya zauna a kujerar baya tsakanin masu haƙa, da tawul ɗin nan naɗe a ƙafa. Da muka shiga gida Yaya ta ga takalmi ɗaya a hannunsa, ba ta tambayi komai ba, ta ɗebo ruwan ɗumi ta durƙusa tana wanke raunin. Shi yana kallon bango, ita ce take cije leɓe.

Manaja ya dakatar da ni wata guda, kuma na cancanci fiye da haka. Aka kafa doka, da an sauka daga kwalta a kashe bi-sawu. Injiniya ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba. Madugu ya kai takardar ajiye aiki da hannunsa. An yi masa tiyata a gadon baya, ciwon ya ragu, jin bai dawo ba. Ya zauna a gida wata huɗu yana damun Yaya, ya gyara duk ƙofar da ba ta lalace ba, ya rame kamar mai jinya. A cikin watannin nan Guguwa ya kafe motar haƙa sau biyu. Bayan na biyun, Injiniya da kanta ta shiga ofishin Manaja ta ce ƙafa ce ta mutu, idon yana nan, a dawo mata da shi.

Yanzu shekara guda ke nan yana zama a gefen Guguwa a motar gaba. Ba ya taɓa sitiyari. Yana nuna wa da yatsa, nan ruwa ne, can rami, bi ta kan ciyawa, kuma har yanzu ya hana a kunna rediyo. Mutane suna cewa ya saba, shi ma in ka tambaye shi haka zai ce, har ya ƙara da cewa ya huta da Sarkin Iyayi.

Makon jiya motar gaba ta shigo gareji canjin mai. Ina share cikinta na ɗaga tabarmar roba ta gefen fasinja, sai na ga ta cinye a wuri guda, daidai faɗin tafin ƙafa, inda birki zai kasance da akwai birki a wurin. Na kira Guguwa na nuna masa. Ya ce duk kwana, duk gangare, haka Madugu yake dannawa, kuma shi dai yana ganin bai san yana yi ba.

Akwai sababbin tabarmi a sito. Na kakkaɓe tsohuwar na mayar da ita wurinta.